Abin da Ke Cikin Kwalbar Malam Bitrus

Matan zumunta sun daɗe suna matsa mini in tsaya gaban ikilisiya in ba da shaida a kan jinyar maigidana. Na ƙi. Shaida da tafi da guɗa ake karɓarta, ni kuwa abin da ke bakina ba na tafi ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta da 'yar Hausar da na iya, don duk mai ɗiga wa wani magani a ido ta karanta kafin ta yi irin wayon da na yi.

Sunana Saratu, dankalin Turawa nake sayarwa, a Anguwan Rukuba muke zaune. Mijina Malam Bitrus tsohon hedimasta ne, aurenmu shekara talatin da shida. Duk wanda ya san shi ya san bai yarda da maganar baki ba. Ka ce masa an ƙara kuɗin mota, zai tambaye ka a wace jarida ka gani. Fasto ya kawo aya, sai ya buɗe ya duba. Ni da na tsaya a aji huɗu ban taɓa kayar da shi a gardama ba, ko da a kan dankalin da nake sayarwa ne.

Ciwon bai zo da zafi ba. Ya fara cin karo da bakin ƙofa ta gefen dama, ya ce ni ce nake barin ta a buɗe rabi. Ya yi fatali da buta, ya ce ni na canja mata wuri. Tabarau uku ya saya a kasuwa cikin shekara guda. Sai ranar da mai keke ya goge shi a bakin titi, ya rantse bai ga tahowarsa ba, sannan ɗanmu Iliya ya yi ta faɗa a waya har ya yarda muka je asibitin ido.

Kwanakin farko a layi muka ƙare su. Mu fita da sassafe cikin sanyin Jos, mu tarar wasu sun riga sun ajiye kati a kan benci sun ɗora dutse. A karɓi lamba, a biya a wancan gini, a dawo da rasit a wannan, a ce injin gwaji sai an kawo wuta. Rana ta uku muka ga likita, wata yarinya da ba ta girmi 'yarmu Rahila ba. Ta ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya mutu. Na hagu saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli.

"Baba," ta ce, "ba gyara za mu yi ba, gadi za mu yi. Wannan ɗigon safe da yamma, kada a yi fashi ko na kwana ɗaya."

Ta faɗi sunan maganin, ya maimaita sau uku kamar yana koya wa 'yan aji. Da wannan ɗan ramin makullin yake ganin fuskata in na tsaya daidai gabansa, da shi yake kai kansa coci da sanda. Shi muke gadi.

Sai 'yan shawara suka ɓarke. Wani ya ce zuma, wata ta ce ruwan albasa, wani dattijon coci ya ce a yi azumin kwana bakwai. Wadda ta fi naci ita ce yayarsa, Yaya Talatu, mai suyar ƙosai a unguwar Kwango-Rasha. Ita ta goye shi, da kaskon ƙosanta ya yi makaranta, kuma ba ta bari kowa ya manta. Ta zo da wani tsimi a jarka daga wurin wani mutum a ƙauye. Malam ya ce ta kai wa awakinta. Ta ɗauki jarkarta ta fita tana share hawaye da bakin zani.

Abin da ya fi cin ransa karatu ne. Ƙananan baƙaƙe sun ɓace masa. Na zama mai karanta masa Littafi Mai Tsarki na Hausa, yana katse ni a kowane layi: ban tsaya inda ake tsayawa ba, na haɗiye kalma, ina karatu kamar mai kiran ciniki. Jaridar Turanci kuwa ko gwadawa ban yi ba. Wata uku muka yi haka, ina fita daga ɗakin ina kuka a bayan kicin, ba don tausayinsa kaɗai ba, har da haushinsa.

Daga nan Iliya, wanda ke aiki a Turai, ya aiko da tabarau ta hannun abokinsa. A ido tabarau ne kawai, sai wani ɗan abu kamar yatsa a maƙale a gefe, da 'yar kyamara a bakinsa. In ka fuskanci takarda ka nuna da yatsa, sai muryar wani namiji ta karanta maka a kunne. Ranar farko Malam ya ɗauki jaridar da ta yi wata biyu a kan tebur, ya nuna, murya ta fara. Na ga hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin. Na durƙusa a wurin na gode wa Allah, kuma har yau ban janye wannan godiyar ba. Ni na sa wa abin suna Akawu. Turanci yake zubawa tiryan-tiryan, Hausa kuwa yana karanta ta kamar Bature da dankali mai zafi a baki.

Cikin mako biyu Malam ya dawo hedimasta, gidan ya koma makaranta. Ya bi kicin yana nuna gwangwanaye. Ya gano tumatir ɗin gwangwanin da kwanansa ya wuce, ya ajiye shi har sai da baƙi suka zo, ya ƙara murya Akawu ya karanta a gabansu.

"Kun ji abin da ake ba ni," ya ce. "Da ban da wannan, da tuni an binne ni."

Baƙi suka yi dariyar yaƙe, ni ma na taya su. Kowace safiya da yamma kuma sai ya karɓi 'yar farar kwalbar maganin, ya juya ta, ya nuna. Akawu ya faɗi suna, ya faɗi ranar ƙarewar aiki. Sai ya gyaɗa kai, ya cire tabarau, ya ɗaga fuska, in ɗiga.

A wata na biyar maganin ya ɓace daga gari. Na bar tebur ɗin dankalina a hannun maƙwabciya, na bi kemis ɗaya bayan ɗaya har Refil, inda shaguna ke da na'urar sanyi kuma ana kallon silifas ɗin mutum kafin fuskarsa. A can wani mai magani mai kirki ya zaunar da ni.

"Mama, kamfanin ne ya daina kawowa. Ga wannan, abu ɗaya ne, suna ne kawai daban. Oga ya duba ƙaramin rubutun ƙasa, zai gani."

Na kawo gida da murna. Malam ya nuna, Akawu ya faɗi babban sunan da ke sama. Bai bari ya kai ƙasa ba.

"Wannan ne likita ta ce?"

"Baban Iliya, an ce ka duba na ƙasa."

"Ke za ki koya mini karatu? Aji huɗu?"

Ya jefar da kwalbar, ta daki bango ta shige ƙarƙashin kujera. Washegari na koma Refil, mutumin ya rubuta mini bayani da biro, ya sa hannu. Akawu ya kalli takardar ya ce bai gane ba, don rubutun hannu ba aikinsa ba ne. Malam ya yi dariya ya ce ko inji ya san takardar bogi. Na je asibiti, aka ce ba ranar likitarmu ba ce, ranarmu saura mako biyar, in jira. Na roƙi lambar wayarta, wata nas ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba a bayarwa.

Kwana huɗu bai ɗiga komai ba. Ina kallonsa yana ɗaga tafin hannu a gaban fuskarsa, yana matsar da shi hagu da dama, yana auna abin da ya rage. Da ya ji motsina sai ya sauke hannun.

Rana ta biyar na ɗauko tsohuwar kwalbar da ta ƙare. Na tafasa ruwa na wanke ta, na ɓanɓare bakinta da tsinin wuƙa, na juye sabon maganin a ciki, na mayar da bakin. Na ce masa a wani shago a Bukuru na samo. Ya nuna, Akawu ya faɗi sunan da yake so.

"Kin gani?" ya ce. "Da kin nema da kyau tun farko."

Da ranarmu ta zo, likita ta gwada ta ce hawan ya sauka. Ta dafa ni ta ce, "Mama, kin iya jinya." A nan ya kamata in buɗe baki in faɗa mata komai. Ban faɗa ba. Gaskiya daɗi na ji. Shekara talatin da shida, sau ɗaya na yi wa hedimasta wayo, kuma don amfaninsa. Na fito ina tafiya kamar wadda ta ci jarrabawa.

Wata biyu da rabi ina juye magani ba wanda ya sani. Sai Rahila ta haihu a Lafiya, haihuwar fari, kuma da aiki aka ciro yaron. Uwar mijinta ta rasu, wankan jego nawa ne. Malam da kansa ya ce in tafi.

"Ki ce su kawo mini shi da ya yi ƙwari, in gan shi tun ina gani."

Yaya Talatu ce za ta zauna da shi mako uku. Na san kwalbar ba za ta kai ba, don haka na ja ta kicin, na rufe ƙofa. Na nuna mata sababbin kwalabe biyu da na ɓoye a gwangwanin garin masara. Na nuna mata tafasa ruwa, na nuna mata inda ake sa tsinin wuƙa. Ta riƙe baki, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Saratu! Ashe kana da wayo haka? Shi bai sani ba?"

"Ina zai sani, Yaya? Bayan kwalba Akawu ke karantawa."

Muka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, har ta dafa bango. Ina tuna wannan dariyar fiye da yadda nake tuna kukan da ya biyo baya.

Makon farko a Lafiya, ya ce mini a waya maganin yana yi masa yaji, hannun Yaya nauyi gare shi. Na tambaya ko ya karanta kwalbar. Ya ce wace irin tambaya ce wannan, kullum yana karantawa. Mako na biyu ya ce idon yana ruwa, haske yana soka shi. Na ce a ba ni Yaya.

"Kada ka damu," ta ce. "Ciwon ne yana fita. Ka kula da mai jego."

Na so in koma, amma ɗinkin Rahila ya buɗe a wannan makon, zazzaɓi ya rufe ta, jariri ba ya kama nono. Na ce su je asibiti, Malam ya ce ranarsa ba ta yi ba, ba zai je ya sha sanyi a benci a banza ba. Na ƙara kwana shida. Wannan kwana shidan ni na zaɓe su, ba wanda ya ɗaure ni.

Da na dawo, wari ne ya fara tarbata a ƙofar ɗaki. Idon hagun ya kumbura ya rufe, mugunya ta manne gashin. Yana zaune da tabarau a cinya, ya juyo da fuska wajen da ba ni nake ba. Ban ajiye jaka ba na shiga kicin na zura hannu a garin masara. Kwalabe biyun suna nan, ko ledar bakinsu ba a ɓare ba.

Yaya Talatu tana tsaye a bayana.

"Wata nawa kana zuba na kemis, ido ya dawo? Naku na gadi ne. Nawa na gyara ne. Ni na goye shi, zan cuce shi?"

Na wuce ta na fita bakin titi. Na tare keke napep muka tafi mu uku.

Wannan karon ba mu bi layi ba, nas ɗin da ta hana ni lambar likita ita ce ta ja mu ciki da gudu da ta ga idon. Likita ta buɗe shi da auduga ta duba. Ta ce a ba ta maganin da ake sawa. Ta matsa ɗigo ɗaya a kan farar auduga, ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, da 'yan ɓarɓashi.

"Mene ne wannan?"

"Maganinki ne, likita," in ji Malam. "Safe da yamma nake karantawa. Kawo ki ji."

Ya lalubi kwalbar daga hannunta, ya sa tabarau a kan kumburarren idon, ya ƙure murya, ya nuna. Akawu ya faɗi sunan maganin sarai, ya faɗi kamfani, ya faɗi cewa saura shekara guda ya ƙare aiki.

"Na ji yana wari," Malam ya ce a hankali. "Amma ya karanta."

Sai Yaya ta fashe da kuka ta faɗi komai: tsimin jarka ne, tun kwana na biyu da tafiyata. Likita ta tambaye ta yadda aka yi ta buɗe kwalbar.

"Saratu ne ya koya mini. Shi ma haka yake yi."

Malam bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ce na je Bukuru."

Na yi ƙoƙarin bayani, na ce nawa magani ne na gaskiya, likita ma ta yaba. Likitar ta ce haka ne, maganin daidai ne, amma ko shi juye shi haɗari ne, datti na iya shiga. Ta ce da na faɗa mata, da ta buga masa takarda da inji cikin minti biyu, Akawunsa ya karanta masa. Minti biyu ta ce, kuma ba da faɗa ta faɗa ba.

Aka kwantar da shi. Gyambo ne a baƙin idon, ya ci ya zurfafa. Mako uku muna ɗakin maza, ana ɗiga magani kowace awa, jarin dankalina ya tafi a kemis ɗin bakin asibiti. Ba zan ɓoye alherin mutane ba. Nas-nas ɗin sun yi aiki kamar ubansu ne. Matan zumunta sun yi ta kawo abinci a kula, wata mai shara tana ajiye mini ruwan zafi ba tare da na roƙa ba. Allah ya saka musu. Amma kuma ban manta da cewa asibitin da ya buɗe mana ƙofa da gudu ranar da ido ya ruɓe shi ne ya ce in jira mako biyar ranar da takarda kawai nake nema ba.

A ƙarshen mako na uku likita ta ce an ci sa'a ba za a cire ƙwayar ba. Ta haska masa tocila, bai ƙifta ba. Iliya ya kira ya wanke ni tas, ya ce ya kashe abin da ya kashe don ubansa ya tsira daga irin wannan jahilcin. Rahila ta kawo jaririn bayan wata guda, kakansa ya shafa kansa da kunnuwansa da yatsu, ya tambayi ko fari ne ko baƙi.

Yaya Talatu kuwa ya yafe mata tun muna asibiti. A gabanta ya faɗa mini.

"Yaya jahila ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Ke kuwa kin san da me na dogara."

To ga abin da nake so ku ji, ku masu jinya. Akawu bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da aka buga yake karantawa, ba ya buɗe kwalba, ba ya jin wari. Wanda ba ya gani, in ya samu irin wannan abin, zai jingina da shi da dukkan nauyinsa, kuma ku da ke gefensa ku kaɗai za ku iya sa shi ya faɗi. Kada ku juye magani daga mazubinsa, ko da mala'ika ne ya ce abu ɗaya ne. In mara lafiya ya yi taurin kai, ku zauna a ƙofar likita ku ƙi tashi, a kira ku marasa kunya. Na ji tsoron bakin mijina da harara ta nas, na zaɓi hanyar da ba za a yi mini tsawa ba.

Yau wata huɗu da dawowarmu gida. Har yanzu Akawu yana karanta masa jarida, yana kuma karanta masa abin da zai ci. Tun daga asibiti Malam bai ƙara sa wani abu a baki ba sai wanda ya zo a rufe daga kamfani, ya ji sunansa, ya fasa da hannunsa. Biskit, madarar gwangwani, kifin gwangwani, ruwan leda. Wandonsa da igiya yake ɗaurewa yanzu. Fasto ya zo ya yi magana, Malam ya saurare shi har ƙarshe ya yi masa godiya, bai canja komai ba.

Ni kuma ban daina girki ba. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an taso coci, na yi gwaten acca da alayyafo da yakuwa, irin wanda yake cewa ko uwarsa ba ta kai ni ba. Na ajiye a gabansa da zafinsa. Na ga hancinsa ya buɗe, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya lalubi bakin kwanon, ya sunkuyar da fuska daidai kansa, ya nuna da yatsa. Akawu ya ce bai ga abin karantawa ba.

Malam ya tura kwanon gabana da bayan hannu, a hankali, don kada ya zube.

"Ɗauke, Saratu," ya ce. "Ba shi da rubutu."